Yaro Mai Laifi a Kudancin Kano: Daga Zauren Dagaci Zuwa Makarantar Ƙiru

A farkon watan Fabrairun 1903 rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ƙarƙashin Kanar Morland ta iso ƙofar Bebeji. Mutanen gari suka ƙi buɗewa, aka harba igwa, ƙofa ta tarwatse, sarkin garin ya rasu a wurin tare da wasu manyansa. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗi. Ta wannan hanya ta kudu sabon mulki ya shigo ƙasar Kano da kotunansa da gidajen yarinsa da takardunsa, amma an daɗe ƙwarai kafin ya taɓa yadda mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da ƙauyukan Doguwa suke yi da yaron da ya yi laifi.

Abin da Turawa suka tarar ba ƙaramin tsari ba ne. Alƙalan ƙasar Kano da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, ga Risala ga Muhtasar ga Tuhfa a gefen buzu, kuma a wannan fiƙihu yaron da bai balaga ba ba mukallafi ba ne. Ba a tsayar masa da haddi, ba a yi masa ƙisasi. In ya ɓata dukiyar wani za a biya. In ya yi kisa, ko da gangan ne, a matsayin kuskure ake ɗaukarsa, diyya ta hau kan danginsa na wajen uba. Abin da ya rage a kansa shi ne ladabtarwa, gwargwadon abin da alƙali ko waliyyinsa ya ga zai gyara shi. Balaga kuwa da alamominta ake gane ta, in ba su bayyana ba sai a jira shekara 18 a mashhurin zancen mazhaba.

Amma ƙalilan ne daga cikin laifuffukan yara ke isa gaban alƙali. Yawanci a zaure ake kashe magana. A ɗauka yaro ɗan shekara goma sha uku ya kwance akuyar maƙwabci ya kai ta kasuwar wani ƙauye, dillali ya gane shaidar kunnenta, magana ta dawo gida. Mai akuya ba zai tafi wurin alƙali ba, wurin mai unguwa zai je. In abin ya fi ƙarfin mai unguwa sai a ɗunguma zauren dagaci. Za a zaunar da yaro a ƙasa, a kira ubansa, in uban ba ya nan a kira baffa ko kawu. Bayan an ji ta bakin kowa, tambayar da dagaci zai yi ita ce, "To, wa ya tsaya masa?" Sai baffan ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini shi. In ya sake, ni za a kama." Daga nan a yanka abin da za a biya mai akuya, ko nan take ko sai kaka. A yi wa yaro 'yan bulalu a gaban mutane, ko a bar wa baffan ya yi a gida. Sa'an nan a san inda za a ajiye shi: gona tare da baffan, ko maƙera, ko wurin malam a wani gari in ana so a raba shi da abokan banza. Daga ranar idon unguwa yana kansa. Mai shayi ya san labari, limami ya sani, matan da ke ɗiban ruwa sun sani. In aka gan shi a inda bai kamata ba bayan isha'i, kafin gari ya waye baffan ya ji.

Duk abin da littattafan shari'ar zamani suke nema a ɗaurin talala yana cikin wannan zama: an biya wanda aka zalunta, yaro bai kwana a kurkuku ba, an sa sharaɗi, kuma akwai mutum takamaimai mai suna da gida wanda nauyin bibiya ya hau kansa. Sai dai kada son gargajiya ya rufe mana ido. Tsarin yana yi wa mai dangi aiki ne. Maraya, da almajirin da ya zo daga nesa, da ɗan bawa, da ɗan talakan da dagaci ke jin haushin ubansa, in aka ce wa ya tsaya musu, shiru ake ji. Su ne ke shan duka fiye da kima, su ake kora daga gari. Yarinya kuwa in ta fitini gida, maganin da aka fi sani shi ne a gaggauta aurar da ita, ko ta so ko ta ƙi. Yaron da ya gagari kowa kuma akan kai shi wurin malam mai mari, a sa masa ƙarfe a ƙafa, yana karatu yana jan sa.

Mulkin En'e bai rushe wannan ba, ƙarfafa shi ma ya yi. A zamanin Sarki Abbas aka tura hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu, aka kafa kotunan alƙalai a hedikwatocin gunduma, aka jera sarauta daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa sarki. Abin da ya dami Bature shi ne haraji da jangali da zaman lafiya. Yaron da ya saci dawa a ƙauyen Ƙiru bai hana shi barci ba. In magana ta kai kotu, bulala ce hukunci mafi sauƙi, domin ba ta cin kuɗin baitulmali. In laifin ya yi girma sai a kai yaro birni, gidan yarin Kurmawa da aka gina a 1910.

Tunanin cewa yaro mai laifi yana bukatar kotunsa daban da ma'aikacin gwamnati mai bibiyarsa daga waje ya zo, kuma yadda ya faro abin ban sha'awa ne ga Bahaushe, domin ya yi kama da zauren dagaci fiye da kotu. A 1841 a birnin Boston na Amurka wani mai ɗinkin takalma, John Augustus, yana zaune a kotu aka kawo wani mashayi. Ya roƙi alƙali a ba shi shi. Alƙali ya yarda, ya ce a dawo da shi bayan mako uku. Da mutumin ya dawo a natse, sai aka ci shi tarar sisin kwabo, santi ɗaya, da kuɗin kotu, maimakon ɗauri. Augustus ya ci gaba da haka har rasuwarsa a 1859, ya tsaya wa mutum kusan 2,000, cikinsu har da yara maza da mata. Yakan zaɓi wanda zai tsaya wa, ya nema masa aiki ko makaranta, ya riƙa leƙa shi, ya rubuta abin da ya gani don ya faɗa wa alƙali. Jihar Masachusets ta mayar da aikin doka a 1878. Kotun yara ta farko ta buɗe a Shikago a 1899. Ingila ta yi dokar ɗaurin talala a 1907, bayan ta fara gwada gidan horon samari a wani ƙauye mai suna Bostal a 1902.

A Nijeriya Legas ce ta fara gani. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gari ya cika da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da yaran da ke kwana a titi suna yankan aljihu. Gwamnati ta ɗora wa wani Bature, Donald Faulkner, aikin walwalar jama'a, aka kuma yi Dokar Yara da Matasa a 1943. Arewa ba ta bi sahu ba sai da mulkin kai ya ƙarato. A 1957 aka yi dokar ɗaurin talala ta Jihar Arewa, a 1958 aka yi dokar yara da matasa. A shekarar ne kuma gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda shawararsa ta haifar da kundin Final Kod da ya fara aiki ranar 30 ga Satumban 1960. Sashe na 50 na kundin ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya yi ba laifi ba ne, haka ma ɗan ƙasa da 12 in hankalinsa bai kai ya gane abin da yake yi ba. A 1962 aka buɗe gidan horon samari na Kakuri a Kaduna, don 'yan shekara 16 zuwa 21.

A takarda dokokin sun yi kyau. Ba a ɗaure yaro ɗan ƙasa da shekara 14 a kurkuku. Kotun yara ba ta zama a bainar jama'a. Dole a nemo uba ko waliyyi ya halarta, kuma kotu na iya ɗora masa tara ko diyya in sakacinsa ne ya jawo. Kafin alƙali ya yanke hukunci, jami'in walwala zai je gidan su yaron ya ga yadda ake zaune, ya tambayi malaminsa, ya rubuta rahoto. In an sake shi bisa talala, jami'in zai riƙa ganinsa, ya tabbata yana zuwa makaranta ko wurin sana'a, in ya karya sharaɗi ya mayar da shi kotu. Ginshiƙin tsarin gaba ɗaya wannan jami'i ne. In babu shi, alƙali zaɓi biyu kawai gare shi: ya saki yaro ya tafi abinsa, ko ya rufe shi.

Nan ne tarihin kudancin Kano ya rabu da tarihin takarda. Irin waɗannan jami'ai a birane aka zuba su, inda majistare yake. Gidan ajiye yara masu jiran shari'a da kowa ya sani a Goron Dutse yake, cikin birnin Kano. Daga Riruwai, hedikwatar Doguwa, kusa da iyakar Kaduna da Bauci, sai an ratsa dajin Falgore an wuce Tudun Wada an hau titin Zariya kafin a shiga birni, tafiyar sa'o'i. Uwar da aka kai ɗanta can sau nawa za ta iya zuwa dubiya? Jami'in da ke birni kuma da wane abin hawa zai je ya ga gidan su yaro a bayan Riruwai?

Sai kuma aka zo aka sassauta igiyar gargajiya ba tare da an ƙulla sabuwa ba. An ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayun 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna. A 1968 kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka zama kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha, gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya, 'yan doka kuma sannu a hankali aka narkar da su cikin 'yan sanda. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin: dagaci ya zama uban ƙasa mai ba da shawara, ba shi da dogarin da zai aika ya kamo kowa. Akwai dalilai masu ƙarfi na yin haka, duk wanda ya san irin ɗaurin da aka yi wa 'yan jam'iyyar NEPU a kotunan En'e ba zai yi kukan rabuwa da su ba. Amma ta fuskar yara an bar giɓi. Baffa yana iya cewa a bar mini shi, sai dai in yaro ya ƙi ji babu wanda zai tilasta, kuma hukuma ba ta san da zaman alkawarin ba.

Ƙasar ma ta canja. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 a ƙasar Bebeji ta kawo noman rani da kamun kifi da baƙi da kuɗi a hannun samari. Tashoshin mota a Kwanar Ɗangora da Kafin Maiyaƙi suka zama wuraren da yaro zai yi dako ko kamasho ya ci abinci ba tare da ya koma gida ba. Yaron da yake samun na kansa a tasha, barazanar hana shi tuwo ba ta razana shi. Tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida daga 1986 ya busar da ofisoshin gwamnati, kuma sashen walwala, da ma can shi ne ɗan bora, shi ya fi jin jiki. Cikin waɗannan shekaru wiwi da sholisho da ƙwayoyi suka bazu daga birni zuwa ƙauye, aka kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta NDLEA a 1989. Siyasa kuma ta samu sojojin haya masu arha. Wanda ya ga abin da ya faru a Tudun Wada lokacin zaɓen Fabrairun 2023, da aka ƙona ofishin jam'iyya aka rasa rayuka, ya san jagaliya ba ta tsaya a birni ba.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, sharaɗin balaga ya dawo cikin rubutacciyar doka. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, ta fito da A Daidaita Sahu da Zauren Sulhu. A aikace ofishin Hisba na ƙaramar hukuma ya zama inda uwa ke kai ƙarar ɗanta da ya sayar mata da tukunya ya sayi ƙwaya. Za a yi masa nasiha, a aske masa kai, a sa shi ya yi alkawari. Wannan ya rage wa kotuna kaya, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma Hisba ba ta da ma'aikacin da aka ware don ya bi yaro wata shida, kuma nasihar yini ɗaya ba ta cire ƙwaya daga jini.

Mafi yawan karkatar da yara daga kotu a wannan yanki, in za a faɗi gaskiya, a caji ofis ake yin sa, ba kuma da sunan wani shiri ba. An kama yaro da wayar sata ranar kasuwa. Kafin la'asar uba ya zo da mai unguwa ko kansila. Mai waya ya ce in dai za a biya shi ya yafe. Ɗan sanda ya ɗauko takarda a rubuta alkawari, uba ya dangwala, a saki yaro. Sau da yawa wannan shi ne daidai, kuma dokar zamani ma ta yarda da shi. Illarsa biyu ce. Ta farko, ya dogara da aljihun uba da fuskar wanda ya rako shi, duk da an rubuta a bango cewa beli kyauta ne. Ta biyu, takardar alkawarin a durowa take ƙarewa, ba mai zuwa bayan mako biyu ya ga ko yaron ya koma makaranta. Wanda ba shi da mai zuwa kuwa, nan matsalar shekaru take tasowa. Yaran ƙauye da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma lauyoyi da masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna kukan cewa akan rubuta wa ɗan shekara 15 shekara 18 ko 19 a takardar tuhuma, don a huta da wahalar kai shi gidan yara. Da alƙalami ɗaya ya zama babba, ya kwana da manyan ɓarayi, ya fito da ilimin da bai shiga da shi ba.

Sunan Ƙiru ya fi fitowa a wannan tarihi a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, lokacin da gwamnati ta tsayar da cibiyoyin koyon sana'a fiye da ashirin a faɗin jihar, makarantar gyaran tarbiyya ta Ƙiru na cikinsu. Galibin waɗanda ake kaiwa matasa ne da shaye-shaye ya kama. A raba su da ƙwaya, a haɗa musu da wa'azi da horo da koyon sana'a, a yaye su. Zaɓen wurin yana da hikima: nesa da dilolin birni, ga fili, ga iska. Kuma karo ne da gwamnati ta nuna wa iyaye cewa akwai wata ƙofa ban da kurkuku da gidan mari. Bayan 2015 aiki ya ja baya a yawancin cibiyoyin, har yau magoya bayan Kwankwaso da na gwamnatin da ta gaje shi suna jayayya a kan dalili. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf da ta hau a 2023 ta ɗauki farfaɗo da su a matsayin alkawari, ta Ƙiru na ciki.

Ni a ganina ko a lokacin da makarantar take kan ganiyarta rabin aikin take yi. Manoman shinkafar Tudun Wada sun san cewa renon iri a bedi ba shi ne wahala ba, ranar dashe da makonnin da ke biye su ne ke nuna ko za a ci ko ba za a ci ba, in fadamar da aka kai shi ba ruwa ƙoƙarin baya ya tashi a banza. Saurayi ya yi watanni a Ƙiru, ya murmure, ya koyi walda ko ɗinki. Ranar yaye an yi jawabi an ɗauki hoto. Washegari yana unguwarsu, majalisar da ya bari tana nan, mai sayar masa da ƙwaya yana nan, unguwa kuma ba ta manta sunan da ta sa masa ba. Wa zai je ya gan shi ranar Juma'a ta farko? Wa zai roƙi mai garejin walda ya ɗauke shi duk da tarihinsa? Wa zai lura ya sayar da keken ɗinkin? Gwamnatocinmu suna son gini domin ana yanke masa kyalle a sa allo da sunan gwamna. Albashin jami'in bibiya da man babur ɗinsa ba su da bikin buɗewa.

Shekarun 2018 da 2019 sun tona girman abin. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken kodin wanda ya nuna matasa ɗaure da sarƙa a wata cibiya a Kano, washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kashi 14.4 cikin ɗari ke nan. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Aka bi da Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. An yi Allah wadai, kuma ya cancanta. Amma tambayar da ba a so a yi ita ce, wa ya kai su? Iyayensu ne, da kuɗinsu, wasu har da kuka. Sun kai su ne domin yaro ya fi ƙarfin zaure, kotu kurkuku za ta kai shi, wurin gwamnati kuma ko ba gurbi ko ba a san hanyarsa ba. An rufe gidajen mari, bukatar da ta haife su tana nan.

Ta wajen doka kam ba a bar mu a baya ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe ƙaramin laifin yaro ba tare da zuwa kotu ba, ta hanyar sulhu da biyan diyya da sa ido, ta kuma ce tsarewa ita ce matakin ƙarshe. Kano ta daɗe ba ta karɓe ta ba saboda saɓani a kan wasu sassa, musamman shekarun aure, sai a watan Mayun 2023 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar, kwanaki kaɗan kafin ya sauka. A 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali, ta buɗe mata sashe na musamman na hukuncin da ba ɗauri: talala, aikin al'umma, sakin sharaɗi da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Dokar ta hana ajiye yara tare da manya.

Abubuwa biyu da suka biyo baya sun nuna inda aka tsaya. A 2023 Kwamishinan 'yan sandan Kano, Muhammad Usaini Gumel, ya kira 'yan daba su ajiye makamai, da yawa suka amsa, har aka horar da 50 daga cikin tubabbun a matsayin 'yan sandan sa-kai. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta nuna rashin amincewa. Ko mutum ya yarda da sa musu kaki ko bai yarda ba, shirin ya nuna matasan suna amsa kira in an kira su, ya kuma nuna cewa abin ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya, wanda ana iya yi masa canjin wurin aiki kowace rana. Sai kuma ranar 1 ga Nuwamban 2024, da aka gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Cikinsu akwai yara ƙanana daga Kano da Kaduna, sun yi kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Sai da duniya ta yi caa Shugaba Tinubu ya ce a sake su, Mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnoninsu. Duk dokokin da aka lissafa a sama suna nan a ranar, ba wadda ta hana.

Abin da kudancin Kano yake da shi wanda birni ya fara rasawa shi ne har yanzu an san juna. Mai unguwa a Bebeji ko Tudun Wada ya san gidan su kowane yaro, limami ya san wanda ya daina zuwa masallaci, masu gareji da teloli da manoman rani suna neman hannu. Masu cewa "a bar mini shi" ba su ƙare ba. Abin da suka rasa shi ne hukuma a bayansu: mutumin da zai rubuta alkawarin a rajista, ya kai wa alƙali rahoto, ya zagayo duk mako, ya tsaya wa maraya da almajirin da ba su da baffa, ya karɓi wanda aka yaye daga Ƙiru tun daga bakin ƙofa. Ƙananan hukumomi suna da sashen walwalar jama'a, amma rikicin aure da rabon tallafi sun cinye shi.

Kirana ga ma'aikatar da ke kula da mata da yara ta Jihar Kano, da shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, shi ne kowace sakatariya ta ware jami'i, mace da namiji, waɗanda ba su da wani aiki sai bibiyar yaran da kotu ko caji ofis ko Hisba ko makarantar Ƙiru ta sallama, a haɗa su da hakimai da masu unguwanni, a kuma sa kuɗinsu cikin kasafi yadda canjin gwamnati ba zai share su ba. Doka ta tanadi wannan jami'i a Arewa tun 1957. Saura a ɗauke shi aiki, a ba shi babur da mai, a tura shi har Riruwai.